Kaya Sun Lalace a Hanya: Inda 'Yan Kasuwarmu Ke Zubar da Haƙƙinsu

Tun watan Fabrairun 2021 da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, hirar alhazanmu ba ta wuce arahar dako. Ni abin da ke damuna daban ne: idan aka buɗe tarago aka tarar ruwa ya jiƙa buhunan wake ko ridi, wa zai biya?

A ƙa'ida, mai dako shi ke ɗauke da alhakin kaya daga lokacin da ya karɓa har ya damƙa su. Amma mu da kanmu muke warware wannan igiya.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne sa hannu kafin a duba. An gaji, 'yan dako na jira, rana ta yi, sai yaron Alhaji ya rattaba hannu a takardar karɓa. Shi ke nan, ya shaida cewa kaya sun iso lafiya. Gyaran ba wuya: a duba hatimin ƙofar tarago kafin a fasa, a ƙirga, a auna, a ɗauki hoto. In an ga ɓarna, a rubuta ta a kan takardar a gaban ma'aikacin tasha, kuma a rubuta dalla-dalla. "Kaya sun lalace" ba hujja ba ce. "Buhu 14 sun jiƙe, 3 sun yage" ita ce hujja. Kada kuma a yi gaggawar karyar da jiƙaƙƙen kayan a kasuwa kafin kamfani ya turo mai dubawa, don wanda ya sayar da shaida bai bar wa kansa abin nunawa ba.

Na biyu, muna zaton za a biya mu kuɗin kaya cif. Ba haka dako yake ba, diyya tana da iyaka. Ko a mota, dokar OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka) ta 2003, wadda ke aiki a Nijar, ta tsayar da ita a jikka biyar na sefa (sefa 5,000) kan kowane kilo. Ga mai aya wannan ya wadatar. Ga mai atamfa ko wayoyin hannu kuwa, asara ce tsagwaronta. Mai kaya masu tsada ya bayyana darajarsu a takardar dako, ya biya ɗan ƙarin, ya kuma yi inshora. Wanda ya rage darajar kaya a takarda don gudun kuɗin duwan, da wannan ƙaramin adadin za a yi masa lissafi.

A nan akwai wani tarko. Waccan doka ta dakon mota ce kawai, ba ta shafi jirgin ƙasa ba, kuma Najeriya ba ta cikin OHADA. Saboda haka sharuɗɗan da ke bayan takardar kamfanin jirgi, waɗanda ba mai karantawa, su ne za su yi magana. A sa wanda ya iya ya karanta, musamman wa'adin kai ƙorafi. Kwanaki ne ƙalilan. A mota ma, wa'adin ƙorafi kan ɓarnar da ba a gani da ido kwana 7 ne, ban da Lahadi da ranakun hutu. Kiran waya ba ya tsayar da wa'adi, sai rubutacciyar wasiƙa da aka buga wa hatimin karɓa.

Ɗauri ma namu ne. Tsohon buhu, albasar da ba ta sha iska ba, lodin da yaranka suka yi da hannunsu: duk kamfani zai ce laifinka ne, kuma sau da yawa da gaskiyarsa.

Sai wurin sauyin hannu. Waɗanda suka yi zamanin jirgin Kwatano zuwa Paraku a ƙasar Benin sun san shi: kaya su sauka daga tarago su hau mota, in an iso Maradi mai mota ya ce a jirgi suka lalace, jirgi ya ce lafiya ya miƙa. Duk inda kaya za su sauya hannu, a tura mutum ya tsaya, a sake ƙirga, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu a takarda ɗaya.