Darasi na 9: Shimfiɗa Daɓen Katako a Ɗaki

Galibin ɗakunanmu daɓen siminti ne ko tayil. Duk wanda ya taɓa sauke ƙafa daga gado da asubahin hunturu ya san sanyinsu. Daɓen katako ba ya wannan sanyin, kuma mutum zai iya shimfiɗa shi da hannunsa.

Ku nemi katako mai tauri, kamar madaci ko iroko ko tik. Wanda farce ke iya yi wa shaida, ku bar shi. Kafin a je kasuwa sai a auna ɗakin. Idan tsawonsa mita 4 ne, faɗinsa mita 3, to 4 sau 3 ya ba mu murabba'in mita 12. A ƙara kashi 1 cikin 10 saboda abin da zarto zai ci. Ke nan za a sayi 13 da ɗan ɗoriya. Kowa ya auna ɗakinsa yau, ya kawo lissafin aji gobe.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne da kyau. Katako yana shan danshi, yana kuma fitar da shi. Kun san ƙofar da ke ƙin rufuwa a watan Agusta, hunturu na zuwa kuma ta rufu har da giɓi. Haka daɓen yake. Iroko daga dazukan kudu ake kawo mana shi, inda iska ke da laima, ya iso nan ya tarar da busasshiyar iska. Dole ya tsuke. Ni kaina na yi wannan kuskuren. Na buga nawa kwana 3 da sayowa, a ƙarshen damina. Kafin Janairu, tsakanin katako da katako tsinken tsintsiya na shigewa. Kullum na shiga ɗakin sai raina ya ɓaci.

Don haka ku jera katakon a cikin ɗakin da za a shimfiɗa shi, da 'yan sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa. Ya yi aƙalla mako 2. In ɗanye ne sabon tsagawa, watanni yake buƙata.

Simintin ma sai ya bushe. Ku manna farar leda a ƙasa da salatif, ta kwana 2. In kun ɗaga kun ga gumi a jikinta ko wurin ya yi duhu, akwai sauran ruwa, a dakata. In ya bushe, a share, a toshe ramuka, a shimfiɗa leda mai kauri a ɗakin baki ɗaya. A kanta za a jera katakon tu-bai-tu, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 2, da aka shafe da maganin gara, tazarar santimita 40, a kafe su da ƙusar kankare.

Katakon daɓe yana da gefe mai harshe da gefe mai tsagi, harshen wannan ya shige tsagin wancan. Ana gitta shi a kan tu-bai-tu ɗin. A ja igiya don layin farko ya miƙe, domin in ya karkace, sauran duk sun bi shi. Tsakanin katako da bango a bar santimita 1 ko'ina, nan ne wurin kumburinsa da damina. Katakon gindin bango zai rufe giɓin daga baya. Ƙusa kuwa a karkace ake buga ta a gindin harshen, don na gaba ya ɓoye kanta. A fara huda wurin tukuna, in ba haka ba ƙusar ta lanƙwashe ko katakon ya tsage. Wajen matsa katako ya shige ɗan'uwansa, kada guduma ta taɓa harshen. A ɗora guntun katako a daka ta kansa. Inda kan katako ya haɗu da kan wani a layi ɗaya, kada ya zo daidai da mahaɗin layin da ke kusa, a goce su da santimita 15 ko fiye, kamar yadda magini ke jera bulo.

Sai guga. A fara da samfefa mai kaushi, lamba 40, sannan 60, sai 80, a ƙare da 120. A bi tsawon jijiyar katakon, kada a gitta. Ku sa takunkumi, ƙurar iroko tana damun ƙirji. A share ƙurar sarai, har mutum ya shafa tafin hannu bai ga komai ba.

Fentin sheƙi na katako shafi 3 ake yi, kowanne siriri. In ɗaya ya bushe kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, a ɗan goge da lamba 220 kafin na gaba. Ranar da hazo ya sauka kada ku shafa, ƙura za ta manne. Tagogi a buɗe, ba wuta kusa, ba yara. Tsumman da ya sha fenti ko mai yana iya kamawa da wuta da kansa in aka dunƙule shi, don haka a shanya shi a waje ko a tsoma a ruwa.

A jira mako guda kafin a shigo da gado da kujeru, a ɗaura ƙyalle a ƙafafunsu. Wajen shara, tsintsiya mai laushi da matsattsen tsumma sun isa. Buta da randa su zauna a waje.