Idan kare ko kyanwa ta ciji yaro a Jos

Kafin a nemi Keke Napep, a nemi ruwa da sabulu. A zaunar da yaron a bakin famfo ko a riƙa kwarara ruwa da buta, ana cuɗa ciwon da sabulu har minti 15, ana duba agogo. Zai yi ihu, a daure a riƙe shi, domin wankin nan ne ke fitar da yawun dabbar kafin ƙwayar cutar haukan kare ta kama jijiya. Sai a zuba aidin, a rufe da bandeji sakwa-sakwa. Toka, kananzir da man birki ƙona naman kawai suke yi.

A tuɓe yaron a duba ko'ina, har cikin kitso da bayan kunne. Saboda gajartarsa, ƙaramin yaro a fuska, wuya ko ka ya fi shan cizo, kuma nan ne kusa da ƙwaƙwalwa, cutar ta fi saurin isa. Wani yaron ma ɓoye cizon yake yi don tsoron duka, don haka a tambaye shi da lallashi.

A ranar za a je asibiti, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko asibitin ƙwararru na jihar Filato. Allurar rigakafin haukan kare ana yin ta ranar farko, sai kwana 3 da kwana 7 bayan ta farkon, sannan wata tsakanin kwana 14 da 28. In haƙori ya huda fata, a tambayi likita batun imunogulobulin, maganin da ke ba da kariya nan take daga haukan kare, wanda ake tsirawa a cikin ciwon da kewayensa. Kada a katse allurar don ciwo ya bushe: cutar kan yi wata 1 zuwa 3 a ɓoye, kuma da zarar yaro ya fara tsoron ruwa, kusan ba a tsira. A tafi da katin rigakafinsa saboda tetanus. Kada a matsa wa likita sai ya ɗinke, ɗinki kan kulle ƙwayoyin cuta a ciki.

Cizon kyanwa ne ake rainawa, kuma yana ba ni tsoro. Haƙorinta kamar allura yake, yana cusa ƙwayar Pasteurella har cikin gaɓar yatsa, bakin ciwon ya rufe. Cikin awa 12 zuwa 24 hannu ya kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi. Likita kan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta Augmentin gwargwadon nauyin yaro. In aka ga mugunya, jan layi yana hawa hannu, zazzaɓi, ko yaro ya ƙi nono ya yi laushi, a koma asibiti ko da tsakar dare ne.

Karen kuwa a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, ana ci gaba da allura. In har an kashe shi, kada a fasa kan. A sa kan a leda biyu da ƙanƙara, a kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a gwada ƙwaƙwalwar.