Yadda nake koya wa yara faɗawa a gaɗa

A ƙauyenmu, kusa da Ringim, ni ke tara 'yan mata in biki ya matso. Tafi da amshi ba su da wuya, kwana biyu sun ishe su. Aikin yana wurin faɗawa ta baya.

Nakan ce musu: ku tsaya rabin da'ira, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Mai faɗawa ta ba ku baya, ta ɗaure zane tamau, ta sake jiki daidai inda amshi ya sauka. Kada ta waiwaya. Wadda ta waiwaya ba ta yarda da ku ba, jikinta zai sandare, ta yi muku nauyin buhun gero. Ku masu tara, tafin hannu a allon kafaɗarta, ba a ƙugu ba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sannan ku cilla ta gaba tare. Ɗaya ta makara, sai mai faɗawa ta karkace.

Ina sa kowa ta yi duka biyun. Mai ƙarfin da kullum take tara, ita ce ta fi tsoron faɗawa, ku lura da kyau.

Wani lokaci ƙanen wata zai raɓe a gefe, ya haddace waƙar fiye da yayarsa, ƙafarsa na motsi. Mutane na cewa gaɗa ta mata ce, har a jefe shi da "ɗan daudu". A gabana ba a faɗar wannan. Nakan ce, "Zo nan ɗana, riƙe mana tafi." Amma a share tsakuwa daga dandalin tukuna.