Idan An Ce Maka Halinka Irin Na Arsenicum Ne, Ga Yadda Za Ka Yi

Masu homiyofati, wato tsarin maganin da Samuel Hahnemann ɗan Jamus ya fito da shi a 1796, suna da wani irin mutum da suke ce wa mai halin Arsenicum album, wato wanda suke ganin maganinsu mai wannan suna ya dace da shi. Kullum hankalinsa a tashe, tsoron ciwo, tsoron mutuwa, baya son a bar shi shi kaɗai, ga tsafta har ta wuce misali, ko hoto ya ɗan karkace a bango sai ya tashi ya gyara, sanyi na damunsa, ruwa kuma sai kurɓi kurɓi, kuma wai abin yafi tsananta bayan sha biyun dare.

To in ka karanta kaji kamar da kai ake, karka yi saurin sayen kwalbar maganin tukunna. Ɗauki biro da takarda ka riƙa rubutawa kullum: sau nawa ka wanke hannu, sau nawa ka koma duba ƙofa, wane tunani ne yake dawowa duk yadda ka kore shi, ka samu barci ko a'a. Son tsari ba ciwo bane. Amma in waswasin nan yana cinye maka sama da awa ɗaya a rana, yana ɓata maka aiki da zaman gida, to likitoci suna da suna gare shi, OCD, wato ciwon waswasi da yawan maimaita abu, kuma wallahi ana samun sauƙi.

Shi maganin kansa daga gubar asenik ake haɗa shi, a tsarma shi kashi ɗaya cikin ɗari sau 30, shine 30C ɗin da ake rubutawa a kwalba, kuma tun daga wajen 12C ba a sa ran ko ƙwayar zarra ta rage. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostireliya tace babu cutar da aka tabbatar homiyofati na warkarwa. Wanda ba a tsarma sosai ba kuma, ko wanda babu bayanin komai a jikinsa, wannan ka guje shi don guba ce ta gaske.

Takardar nan da ka rubuta ka kai wa likitan ƙwaƙwalwa, ka tambaye shi CBT, inda ake koya maka fuskantar abin da kake tsoro a hankali ba tare da ka koma wanke hannun ba, wani lokacin a haɗa da magani irin sertraline, wanda sai anyi makonni kafin aga aikinsa. In dama kana shan wani magani, don Allah karka daina sai da sanin likitanka.