Yadda Muke Riƙe Ƙungiyar Keke a Jos Duk da Tsada

Tun da aka saki darajar naira a 2023, kaca da taya suka zama kayan gabas. Matsalar rashin kayan aiki ba tamu kaɗai ba ce: a Olamfik na Paris a 2024, sai da Ese Ukpeseraye ta ari keke a wajen Jamusawa kafin ta yi wa Najeriya tseren cikin zauren wasa. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Ga dabarun da nake ba ƙannena na ƙungiya. Ku fara da adashi, kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa duk Asabar, a sayi famfo ɗaya, kayan faci da sufana na kowa da kowa.

Kaca ita ce uwa-uba. Kada ka shafa mata baƙin mai, yashi yake kwasowa ya cinye haƙoran giya. Nakan wanke tawa da kananzir da tsohon buroshi, in bari ta bushe, in ɗiga mai a kowace gaɓa, sannan in goge da tsumma har ta daina baƙanta yatsa. Keken gwanjo kuwa, kifa shi ka duba ƙarfen wajen walda; in ka ga tsaga, bar shi komai arharsa.

Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, hawan nan gina numfashi yake yi. Ku fita bayan sallar asuba ta hanyar Rayfield, kafin motoci su cika titi. Wanda bai sa hular kwano ba, ba ya bin mu.