Yadda Za Ka Gane Ɗan Fara Mai Kama da Tururuwa

Akwai fara mai kama da ganye wadda 'ya'yanta ke fitowa baƙi wuluk, su riƙa yawo kamar tururuwa don tsuntsaye su ƙyale su. A Afirka jinsin Eurycorypha ne ya shahara da wannan, a kudu maso gabashin Asiya kuma Macroxiphus.

1. Duba ganyayen lambu da safe. In ka ga "tururuwa" ita kaɗai, ba ta bin layi, tsaya.

2. Kalli zare biyun da ke kanta. Na tururuwa gajeru ne, masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Na ɗan fara sirara ne, dogaye, ba lanƙwasa.

3. Duba ƙafafun baya. Cinyoyin ɗan fara masu kauri ne, na tsalle. Taɓa ganyen a hankali, za ka ga ya yi tsalle. Ni wannan alamar na fi yarda da ita.

4. Sa gilashin ƙara girma ka dubi ƙugu. Na tururuwa a tsuke yake da gaske. Na ɗan fara kuwa launi ne mai haske a gefen ciki, shi ke sa ido ya ga kamar ya tsuke.

5. Don ganin abincinsa, saka shi a kwalba mai hujin iska da ganyen da darɓa ta kama, ka leƙa da dare. Eurycorypha ganye da fure ta fi ci. Irin farar da ke farauta kuwa suna da ƙayoyi a ƙafafun gaba, da su suke damƙe ƙaramin ƙwaro kamar darɓa su tauna shi da rai.

6. Kada ka haɗa biyu a kwalba ɗaya, babba na iya cinye ƙarami. Washegari mayar da shi kan ganyensa.