Idan za ku sauki waɗanda guguwa ta raba da gidajensu

'Yan'uwa mazauna Amurka, musamman na Houston, inda dubban mutanen New Orleans suka fake bayan guguwar Katrina a 2005: idan kun buɗe ƙofa, Allah ya saka da alheri, amma ku fara da takardu. Baƙin su yi rajista da hukumar FEMA, wato hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin Amurka, da sunansu, su ba da adireshin gidan da ya lalace, naku kuma na karɓar wasiƙa. Yara kuwa a kai su makarantar unguwa. Dokar McKinney-Vento, wadda ke kare haƙƙin karatun yaran da suka rasa matsuguni, ta ce a karɓe su ko babu takardun tsohuwar makaranta. Tun daren farko ku tambayi masu ciwon suga ko hawan jini ko maganinsu ya ƙare, don kunya kan hana baƙo faɗa.